Da ban canja masa wurin zama ba, da yana nan da rai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Watanni bakwai ke nan da rasuwar ƙanena, kuma har yau barci bai dawo min daidai ba. Tafiya muka yi tare a motar haya. Ni nake zaune a bakin taga, rana tana dukana, kaina yana sarawa. Da aka tsaya a hanya sai na ce masa mu yi canjin wuri. Ya yi dariya ya ce to, ya koma inda na tashi. Ba mu yi minti goma da ci gaba da tafiya ba wata babbar mota ta ƙwace, ta daki gefen da yake. Shi kaɗai ya rasu, ni ko ƙwarzane ban yi ba. Daga baya aka tabbatar direban ya san birkinsa ba shi da kyau ya hau hanya, amma ga shi can yana yawonsa, ba abin da aka yi masa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce min kwana ne ya ƙare. Wani abokina da ya karanta kimiyya kuma ya ce babu wani rubutu, arashi ne kawai, duniya kan mai uwa da wabi take tafiya. Malam, ni na kashe shi? In an riga an rubuta, mene ne laifin direban? In kuma arashi ne, ina adalci ga yaro ɗan shekara 19 da bai taɓa cutar kowa ba? Har yanzu na kasa faɗa wa mahaifiyarmu zancen canjin wurin.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarka sau uku kafin na ɗauki alƙalami, ɗan'uwa, kuma zan fara da abin da ya fi gaggawa, don kada ka bi dogon bayani da wannan dutse a ƙirjinka.

Ba kai ka kashe shi ba. Babu diyya a kanka, babu kaffara, babu zunubi. Shari'a tana ɗora alhakin rai a kan wanda ya yi kisa da ganganci, ko wanda ya yi kuskure ko sakaci a cikin wani aiki da ke iya halaka mutum. Roƙon ɗan'uwa ya canja maka wurin zama ba ya cikin ko ɗaya. A lokacin da ka yi maganar, kujerun nan biyu daidai suke a saninka da sanin duk wanda ke cikin motar. Da babbar motar ta ɓullo ta ɗaya gefen, da shi ne yau yake rubuto min yana tambaya me ya sa ya yarda ya tashi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin sakan ɗaya. Ke nan da kun yi jinkirin sakan ɗaya tak a ko'ina cikin tafiyar, da kuna bayan wurin da mita 28 a lokacin da babbar motar ta ƙwace. Tuna ranar da kyau. Wani fasinja ya tsaya ɗaure kayansa. Direbanku ya rage gudu a wani rami, ko bai rage ba. Wani ya daɗe bai dawo ba da aka tsaya. Shi ma wancan direban yana da nasa jerin: lokacin da ya farka, wanda ya tsaya gaisawa da shi, motar da ya sha gabanta. Dubban ƙananan abubuwa ne suka taru kafin ƙarfe ya gamu da ƙarfe a wannan taku na hanya, kuma ko wanne ka zare, labarin ya canja. Daga cikin dubban nan zuciyarka ta tsinci guda ɗaya ta riƙe, don shi kaɗai ne ya fito daga bakinka. Mai baƙin ciki ya fi son ya sami mai laifi, ko da kuwa shi ne da kansa, a kan ya yarda cewa abin bai taɓa zama a hannunsa ba.

Yanzu maganar abokinka. Ban raina ta ba, domin akwai gaskiya a cikinta, sai dai ya tsaya a rabin hanya.

Mene ne arashi? Tun kafin haihuwar Annabi Isa da fiye da shekaru ɗari uku, Aristotal na Girka ya kawo misalin mutumin da ya tafi kasuwa don wata buƙata, sai ya ci karo da wanda yake bi bashi, ya karɓi kuɗinsa. Zuwansa kasuwa yana da dalili. Zuwan wanda ake bi bashin ma yana da dalili. Haɗuwar ce babu wanda ya nufa a cikinsu. Arashi ke nan: hanyoyi biyu, kowacce da sababinta, suka gamu a inda masu tafiya a kansu ba su shirya ba. Kalmar tana ba da labarin iyakar sanin matafiyan. Ba ta ce komai ba game da ko akwai Wanda yake ganin hanyoyin biyu tun daga mafarinsu.

Haka abin yake a kimiyyar da abokinka ya karanta. In ka wulla kwabo sama, muna cewa sa'a ce za ta nuna fuskar da zai faɗi a kai. Amma wani masanin lissafi, Persi Diaconis, ya sa an ƙera masa na'urar da ke wulla kwabo da ƙarfi iri ɗaya, daga matsayi iri ɗaya, sai ga kwabon yana faɗuwa a fuska ɗaya kowane karo. Ashe yatsanmu ne ba ya iya maimaita kansa, ido kuma ba ya iya bin juyin. A shekarar 1814 masanin lissafi Laplas na Faransa ya rubuta cewa da za a sami wani hankali da ya san matsayin kowane abu a duniya da ƙarfin da ke motsa shi, da gobe za ta bayyana a gabansa kamar jiya. Sai ƙarni na ashirin ya zo da abin da ya girgiza wannan ra'ayi. A duniyar ƙwayar zarra an ga abubuwan da lissafi ba ya iya faɗin lokacin aukuwarsu ɗaya-ɗaya. Ɗauki sinadarin kabon-14, wanda ake auna shekarun tsofaffin ƙasusuwa da shi: babu masanin da zai nuna maka ƙwaya guda ya ce ga ranar da za ta rushe. Wannan ne ya dami masanin kimiyya Ainstain har ya rubuta wa abokinsa Max Born a 1926 cewa shi ya tabbata Ubangiji ba ya caca. Har yau masana suna jayayya kan fassarar wannan al'amari. To amma dubi ɗaya gefen: in ka tara ƙwayoyin da yawa, rabinsu zai rushe a cikin shekaru kusan 5,730, rabin saura kuma a cikin wasu 5,730, ba ya kuskure. Abin da muke gani kamar kan mai uwa da wabi yana tafiya ne a cikin awo. Na'ura tana iya ce maka ba ta ga sababi ba. Cewa babu Mai nufi a bayan abin kuwa magana ce ta imani, kamar yadda cewa akwai Shi magana ce ta imani, kuma abokinka ya tsallaka daga ɗakin gwaji zuwa wannan fage ba tare da ya lura ba. Mu abin da muka riƙe shi ne faɗin Allah a Suratul Ƙamar cewa kowane abu Ya halicce shi da gwargwado, da faɗinsa a Suratul An'am cewa ko ganye ba ya faɗuwa face Ya san da shi.

Harshenmu ma ya riga mu fahimtar wannan. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga awa da kuma dace: sa'a. Wanda ya taki sa'a, lokacinsa ne ya taka. Abin da ya samu kuma mu ce rabonsa ne, kuma ba a rabo sai da mai rabawa. In mummuna ne mu ce tsautsayi, nan take mu ƙara da cewa ba ya wuce ranarsa. Na daɗe ina mamakin yadda mutanen da ba su taɓa zama ajin falsafa ba suka ɗaure sa'a da lokaci a kalma guda, alhali nan ne ainihin ƙullin yake.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne addini bai kori abin da muke kira dace ba, har ma ya sa shi aikin adalci. Malaman Bani Isra'ila sun jefa alƙalumansu don a ga wanda zai riƙi Maryam, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana. An yi ƙuri'a a jirgin da Annabi Yunusa ya shiga, ta faɗa kansa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta fito ita ke binsa. Hikimar ita ce idan haƙƙoƙi suka yi daidai, duk zaɓin da mutum zai yi da hannunsa son kai zai iya shiga ciki, sai a janye hannun kowa a bar wa Allah. Caca da kiban duba kuwa an haramta su, domin a can ana cin dukiyar wani ne ko ana da'awar leƙen gaibu. Kujeru biyun nan na motarku sun fi kama da ƙuri'a: ku biyu kun janye hannu ba tare da kun sani ba.

Sai dai ina gargaɗinka da kishiyar kuskuren abokinka, wato neman saƙo a cikin kowane arashi. A shekara ta 10 bayan Hijira Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu yana jariri, kuma a ranar aka yi kusufin rana. Mutane suka ce rana ta yi duhu ne saboda mutuwar Ibrahim. Uba ne da ya binne ɗansa, maganar kuma ta girmama shi ce, da ya yi shiru ba mai zarginsa. Amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duka biyun da ƙaddara suka faru, amma bai yarda a ƙulla musu ma'anar da ba a saukar ba. Saboda haka in wani ya ce maka an bar ka ne don ka fi ƙanenka, ko an ɗauke shi ne don wani laifi na gidanku, ko ciwon kan nan alama ce da ka kasa karantawa, kada ka saurare shi. Ya faɗi abin da bai sani ba.

Mu koma ga rubutun, domin nan ne tambayarka ta fi nauyi. In an ce an rubuta, abin da ke zuwa zuciyar yawancinmu shi ne wani ya zauna a can baya, a wata tsohuwar jiya, ya tsara gobe, sannan ya zauna yana jiran ta iso. Wannan hoton yana sa Allah a cikin lokaci, kamar yadda muke ciki. Lokaci kuwa halitta ne. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce Allah Ya kasance alhali babu wani abu sai Shi. Larabawan jahiliyya sun ɗauki zamani a matsayin mai kashewa, Suratul Jasiya ta kawo maganarsu cewa ba abin da ke halaka su sai zamani, sai hadisi ƙudusi ya zo yana hana zagin zamani, yana cewa al'amari a hannun Allah yake, Shi ke jujjuya dare da rana. Agustin, malamin Kirista ɗan Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430, ya kai ga cewa tare da lokaci aka yi duniya, babu wani lokaci da ya riga ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi wa masu falsafa irin wannan martani da wani misali da nake so ƙwarai. Ya ce kamar yadda tunanin mutum ba ya iya tsayawa a ƙarshen sarari sai ya tambayi abin da ke bayansa, haka ba ya iya tsayawa a farkon lokaci sai ya tambayi abin da ke gabaninsa, kuma duka biyun aikin wahami ne, domin "gaba" da "baya" da "sama" duk a cikin halitta suke da ma'ana.

Abin mamaki, kimiyya ta zo ta rushe tunanin cewa akwai agogo guda da dukan halitta ke bi. Ainstain ya nuna a 1905 da 1915 cewa gudu da nauyi suna canja tafiyar lokaci. Wannan yana aiki a cikin wayar da ke hannunka. Taurarin ɗan'adam da ke nuna wa waya hanya suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,000, kuma agogonsu yana riga na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Da ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, da taswirar za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita goma a kullum. Ranar da ta dake ka a bakin taga ma, haskenta ya baro ta da minti takwas da 'yan sakanni kafin ya iso fuskarka. Akwai tarin taurari da ido ke iya hangowa a dare mai duhu wanda haskensa ya yi shekaru miliyan biyu da rabi a hanya. Wanda ya ɗaga kai sama yana kallon lokuta daban-daban ne a shimfiɗe wuri ɗaya. Ban kawo wannan don in ce kimiyya ta tabbatar da ƙaddara ba, ba aikinta ba ne. Na kawo shi ne don ka ga cewa "yanzu" ɗin da muke jin ta cika duniya, ta wurin da muke tsaye ce. Alƙur'ani ya saba mana da wannan tun tuni: matasan kogo sun yi shekaru 309, suka farka suna cewa yini ɗaya ko sashen yini suka yi, Suratul Hajji kuma ta ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne na lissafinmu.

Ka ɗauki takarda ka huda ƙaramin rami a tsakiyarta, ka ɗora a kan shafin littafi, ka riƙa jan ta a hankali bisa layi. Harafi ɗaya kake gani. Wanda ya wuce ya zama tuni, na gaba kuma zato. Haka muke rayuwa. Wanda ya halicci lokaci babu takarda tsakaninsa da shafin. Ranar haihuwar ƙanenka, da dariyar da ya yi maka, da ranar tashinsa, duk a bayyane suke gare Shi, babu wadda Yake jira. Misalin yana da iyaka, kamar kowane misali da ake yi wa Wanda babu abin da ya yi kama da Shi, amma yana warware abu ɗaya: sani ba tilastawa ba ne. Abin da aka rubuta game da direban nan ya haɗa da cewa zai duba birkinsa, ya san ya lalace, ya zaɓi ya hau hanya. Zaɓin nasa yana cikin rubutun a matsayin zaɓi. Malaman tauhidi sun daɗe suna kai-kawo kan yadda ikon bawa yake zaune a ƙarƙashin ikon Allah, Ash'arawa daga cikinsu suka kira shi kasabu, wato abin da bawa ya aikata da zaɓinsa, wasu suka bayyana shi da wasu kalmomi, amma Ahlus Sunna sun haɗu a kan cewa mai rawar sanyi da mai ɗaga hannu ya mari wani ba ɗaya suke ba, kuma kowa yana jin bambancin a jikinsa.

Wuri ma haka yake. Bayan yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, wasu suka riƙa cewa da an bi shawararsu da ba a kashe waɗanda aka kashe ba. Amsar da ta sauka a Ali Imrana ita ce ko da kuna cikin gidajenku, waɗanda aka rubuta wa mutuwa za su fito zuwa wuraren kwanciyarsu. Ƙarshen Suratu Luƙman ya ce rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba, wani hadisi a Tirmizi kuma ya ce idan Allah Ya hukunta wa bawa mutuwa a wani wuri, sai Ya sanya masa wata buƙata a can. Ajali yana da sa'arsa, yana da bigirensa. Ciwon kanka da zafin rana suna cikin abubuwan da suka kai ƙanenka wurin kwanciyarsa, kamar yadda tayar mota da kwalta suke ciki, kuma ba wanda zai tuhumi kwalta.

To direban fa? A nan ina da saɓani da masu gaisuwar da suka tsaya a "kwana ya ƙare". Gaskiya suka faɗa, amma sau da yawa ana amfani da wannan gaskiya a rufe bakin wanda aka zalunta, kuma wannan yana ɓata min rai. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Kai da mahaifiyarku musiba ce ta same ku, ƙaddara mafakarku ce. Shi kuwa sakaci ya yi, ba shi da wannan mafaka. Lokacin da annoba ta ɓarke a Sham wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya da mutane daga hanya. Abu Ubaida ya ce masa, gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, sannan ya tambaye shi: in kana da raƙuma ka sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ka kai su ba da ƙaddarar Allah ka kai su ba? Gyaran birki shi ne gefen ciyawa. Direban ya ga gefen biyu ya zaɓa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, ka ga Wanda ya rubuta ajali Shi ne kuma ya wajabta biyan diyya, bai ga karo tsakanin biyun ba. Magadan ƙanenka suna da haƙƙin bin kadinsa ta hanyar hukuma, in sun ga dama kuma su yafe. Bin haƙƙin ba rashin tawakkali ba ne, ƙila ma ya tsare ran wani da motar nan za ta gamu da shi gobe.

In kuma duniya ta ƙi ba ku haƙƙinku, sai mu dawo ga ramin takardar nan. Kai kana auna adalci da watanni bakwai. Ka buɗe shari'a a tsakiya ka ga wanda ake ƙara yana fita shan iska, ka ɗauka an sallame shi. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah Yana yi wa azzalumi jinkiri, har idan Ya kama shi ba Ya sakinsa. Ya ce za a mayar wa kowa haƙƙinsa ranar alƙiyama, har tunkiya marar ƙaho sai an rama mata a kan mai ƙaho. Suratul Anbiya ta ce za a kafa ma'aunan adalci, ko nauyin ƙwayar komayya ne sai an kawo shi. Suratuz Zalzala ta ce ƙasa da kanta za ta ba da labarinta, wato wannan taku na hanya shaida ne da ke jiran a kira shi. Ban ce wannan yana ɗauke zafi ba. Amma wanda ya cire lahira daga lissafi, kamar abokinka, bai warware matsalar adalci ba. Ya dai yarda cewa babu amsa, kuma ƙanenka da direban ƙarshensu ɗaya.

Saura shekaru 19. Me ya sa shi, me ya sa da wuri haka? Ba zan ƙirƙiro maka dalili ba, kuma ina ganin kuskure ne malami ya yi haka. Annabi Musa da kansa ya kasa haƙuri da ya ga Halliru ya huda jirgin talakawa, ya kashe yaro, ya gyara bango ga mutanen da suka hana su abinci, sai da aka buɗe masa abin da ke baya. Mu ba a buɗe mana ba, kuma labarin bai ba kowa izinin ya zama Halliru a kan musibar wani ba. Abin da aka ba mu tabbaci a kai shi ne Allah Ya haramta wa kansa zalunci, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Zarri, kuma ba Ya tambayar rai sai gwargwadon abin da Ya ba shi. Wanda aka ba shekaru 19, a kan 19 za a tambaye shi. Tunaninmu cewa an ƙware shi ya ginu ne a kan ɗaukar cewa shekarun duniya su ne dukan rabonsa, alhali hadisi a Muslim ya ce za a kawo wanda ya fi kowa shan wahala a duniya daga cikin 'yan Aljanna, a tsoma shi sau ɗaya a cikinta, a tambaye shi ko ya taɓa ganin wahala, ya rantse bai taɓa ba.

Kuka ba laifi ba ne. Ranar rasuwar Ibrahim idanun Manzon Allah (SAW) sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da ya hana shi ne wannan "da" ɗin da ke hana ka barci. Ya ce in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Duk dare kana gina wata duniya da ba a taɓa halitta ba, wadda a cikinta ka yi shiru da ciwon kanka, sannan ka gurfanar da kanka a kotunta. In ta taso maka, ka faɗi kalmar da aka koya mana da bakinka, a bayyane, ko sau nawa ne. In rashin barcin ya ci gaba, ka ga likita, wannan ma gefen ciyawa ne.

Game da mahaifiyarku, ba wajibi ba ne ka faɗa mata, domin ba laifi kake ɓoyewa ba. Amma a ganina ɓoyon ne yake ba abin kamannin laifi a zuciyarka. Ka fara faɗa wa wani babba mai hankali a gidanku, ku duba halin da take ciki, sannan ku zaɓi lokaci.

In ka zo faɗa mata, kada ka manta da wani yanki na wasiƙarka da ka wuce shi da sauri. Ka ce ya yi dariya ya ce to. Yayansa ba shi da lafiya, ya tashi daga inuwa ya koma cikin rana don yayan ya sami sauƙi, kuma da fara'a ya yi. Hadisi a Bukhari ya ce ayyuka da ƙarshensu ake duba su. A iya abin da ka ba ni labari, wannan ne aiki na ƙarshe da ƙanenka ya yi da zaɓinsa, minti goma kafin a rufe littafinsa. Mahaifiyarku ta cancanci ta ji wannan.

Allah ya gafarta masa, ya karɓi wannan alheri daga gare shi, ya haɗa ku a inda babu rabuwa. Wallahu a'alam.